Ba a fafe gora ranar tafiya

A garin Damagaram, cikin unguwar Birni, akwai wani ma'aikaci da kowa ke ce ma Kontabul, saboda shekara ashirin ke nan da ƴan kai yana riƙe da littafin kuɗi na wani biro. Mutum ne mai jiki, mai son zama, wanda in ya sauko daga aiki ba abin da ya fi mashi daɗi kamar a shimfiɗa tabarma a fada, a ɗora shayi, a yi ta hira har dare ya raba. Daga gidanshi zuwa biro ba a yi tafiyar minti goma sha biyar ba, amma tun ranar da ya sayi moto bai sake taka wannan hanya da ƙafa ba.

A cikin shekara ta 2015, yana da shekara 44, wata ranar Talata ya miƙe zai ɗauko takarda sai jiri ya kwashe shi, ba don ya dafa tebur ba da ya kai ƙasa. Da aka kai shi asibiti, likita ya auna shi har sau biyu, sa'an nan ya ce mashi: "Malam, tansiyo ce, kuma ta hau sosai. Magani zan rubuta maka, amma rabin maganin yana ƙafarka. Ka rage gishiri, ka rage sukarin shayi, ka riƙa tafiya rabin awa kowace rana." Kontabul bai ce uffan ba, domin mahaifinshi da hawan jini ya kwanta, ɓarin jikinshi ya shanye, ya rasu bai cika shekara 55 ba. Shi kuwa a lokacin ƴaƴanshi biyar, autarsu ko lakkol ba a sa ta ba.

Tsoro ya fitar da shi mako uku. Yakan fita bayan sallar asuba, ya zagaya unguwa, ya dawo. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaya: "Kontabul, lafiya? Moto ta lalace ne?" A mako na huɗu jirin ya tafi, tsoron ma ya bi shi, tafiyar ta tsaya. Ya sake ɗauka bayan wata biyu, ya sake ajiyewa. Daga baya ya gane abin da ke kayar da shi: tafiya ce wadda ba ta da zango. Mutumin da ya saba da lissafi, wanda kowane shafi nashi ke ƙarewa da jimla, ya kasa jure ma fitar da ba ta zuwa ko'ina.

Wani dare cikin 2016, a gidan wani abokin aiki, talabijin ta nuna wasu mutane jere bisa tudun rairayi, kowa da jaka a baya, suna ja da ƙafa kamar ayarin da ya rasa raƙuma. Aka ce tsere ne da ake yi kowace shekara a kudancin Maroko, sunanshi Marathon des Sables, wato tseren rairayi. Nan ya tuna da zamanshi na aiki a Agadas, lokacin da wasu mutum uku, Ba'amurke Charlie Engle, da Ray Zahab na Kanada, da Kevin Lin na Taiwan, suka ratsa ƙasar Nijar da gudu. Sun tashi daga gaɓar teku a Senegal cikin Nuwamba 2006, suka isa Bahar Maliya a Masar cikin Fabrairu 2007, bayan kwana 111. A wancan lokaci dariya ya yi, ya ce ƙoshi ne ya yi masu yawa. A wannan dare kuwa bai yi dariya ba, ya roƙi ɗan abokin nashi ya nemo mashi bayanin tseren a intanet.

Ga abin da ya samu. Gudun yada-ƙanen-wani da aka sani, wanda ake ce ma maraton, kilomita 42 ne da mita 195, kuma a yini ɗaya ake gama shi. Wannan kuwa wajen kilomita 250 ne, wata shekara ya ɗan gaza, an raba shi zango-zango cikin mako guda, kuma a tsakiya akwai wani dogon zango na kimanin kilomita 80 wanda mafi yawan mutane ke kwana suna tafiya a cikinshi. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, shi ya ƙago shi. A 1984 ya yi tafiyar kilomita 350 shi kaɗai cikin hamadar Aljeriya, kwana 12, da jaka mai kilo 35 a baya. Bayan shekara biyu, a 1986, ya shirya tseren farko da mutum 23. Doka ita ce kowa ya ɗauki abincinshi na mako, da abin kwanciyarshi, da fitila, da wuƙa, da usur, da madubin kiran ceto, da na'urar nuna alƙibla. Jaka kada ta gaza kilo shida da rabi, kada ta wuce kilo 15, ban da ruwa. Abinci kada ya gaza kalori 2000 a kowace rana. Masu shiri ba su ba mutum komai sai ruwa da awo, da tanti, da likitoci. A can baya kuma akwai raƙuma masu bin sawun na ƙarshe, wanda lokaci ya ƙure mashi tserenshi ya ƙare.

Abin da ya kama zuciyarshi shi ne wannan adadi na 250. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne, kuma kakanshi na wajen uwa, wanda aka sa mashi sunanshi, falke ne da ya ci wannan hanya da ƙafa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, yana kora jakuna da mangalar kanwa, ya dawo da goro da tufafi. Kontabul ya kwanta a daren yana tunani, jini ɗaya, suna ɗaya, amma shi hawa matakalar biro ma sai ya tsaya ya huta. Da gari ya waye ya sayi sabon kaye, ya ja layi a shafin farko, ya rubuta kwanan wata, da kilomita, da nauyin jiki.

Sai maganar kuɗi. Kuɗin shiga kaɗai ya haura sefa miliyan biyu, ban da jirgi, ban da kaya. Ya shiga adashe biyu, ya bar sayen sabuwar shadda, ya riƙa yi ma ƴan kasuwa lissafin kantinsu da yamma ana biyanshi. Da kuɗin suka soma taruwa, ƙanenshi, wanda ke kasuwanci a Maraɗi, ya zo har gida ya same shi. "Yaya," in ji shi, "ban zo don in raina maka hankali ba. Amma Inna ba ta sauke farali ba, kai kuma kana tara miliyoyi don ka je ka yi gudu cikin daji. In mutane suka ji, me za su ce da mu?" Kontabul ya yi shiru, domin maganar gaskiya ce. Kuɗin da ya tara ya haɗa da na ƙanen, a 2017 tsohuwa ta tafi Makka, ta dawo Hajiya. Shi kuma ya koma shafin farko na adashe, aljihu wayam. Amma a wannan shekara da kuɗin suka tafi bai daina fita da asuba ba, kuma a nan ne ya tabbatar ma kanshi cewa abin ba ɗoki ba ne.

Maiɗakinshi ita ma tana da nata sharaɗi. "Malam," ta ce, "ba zan hana ka ba, don na ga tumbin ya sauka, na ga barcinka ya gyaru. Amma abu biyu: kuɗin lakkol na yara a biya su tukuna, kuma in ga takardar likita da idona." Ƙanen kuwa ya samo labarin wani ɗan sandan Italiya, Mauro Prosperi, wanda guguwar rairayi ta ɓatar a tseren 1994, ya kwana tara yana gararamba har makiyaya suka tsince shi cikin ƙasar Aljeriya, ya zama ƙashi da fata. Kontabul ya amsa mashi cewa tun bayan nan an ƙara tsaro, kuma a tseren da zai shiga kowane ɗan tsere na ɗauke da ƴar na'ura mai nuna inda yake ta tauraron ɗan Adam. Likita ya duba zuciyarshi da na'ura, ya canza mashi magani, domin wanda yake sha mai sa yawan fitsari ne, kuma bai dace da mai zubar da gumi cikin rana ba. A lokacin, masu tseren ma ba su karɓar kowa sai da shaidar likita da hoton bugun zuciya wanda bai wuce wata ɗaya ba.

Horon kanshi a hankali ya ginu, kuma kayen ya riƙe kowane mataki. Wata ukun farko tafiya ce zalla. Daga nan ya soma sassarfa minti ɗaya, tafiya minti huɗu, har sassarfar ta rinjayi tafiyar. Ranar da ya fara isa Mirya, kilomita 18 gabas da Damagaram, da ƙafarshi, ya zauna gindin wata tsamiya yana dariya shi kaɗai, ya hau mota ya dawo. Daɗin wannan rana shi ya cuce shi. Cikin mako biyu ya ninka yawan gudunshi, sai jijiyar agara ta kumbura, ya yi mako shida ko masallaci da ɗingishi yake zuwa. Darasin da ya rubuta a kaye shi ne, numfashi yana ƙarfi cikin makonni, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni, kuma wanda ya bi ta numfashi kaɗai jijiya za ta kai shi ƙasa. Tun daga nan bai ƙara ma mako fiye da kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce ba, kuma kowane mako na huɗu yakan rage, ya bar jiki ya gyara kanshi.

Abu na biyu da ya koya shi ne, tseren kwanaki ba tseren yini ba ne da aka tsawaita. A tseren yini mutum na iya ƙarar da kanshi, gobe ya kwanta. A nan kuwa goben ma tafiya ce, jibi ma haka. Saboda haka ya mai da Asabar da Lahadi tagwaye: ya yi awa huɗu ko biyar ranar Asabar, ya tashi ranar Lahadi da ƙafafu kamar itace ya sake yin awa uku. Ya kuma gane cewa in ban da gwanaye na gaba, mafi yawan masu shiga tseren tafiya suke yi a babban rabon hanya, don haka ya koyi tafiya mai sauri wadda ba ta gajiyarwa, irin ta matan ƙauye masu kawo nono kasuwa. Jakar baya kuwa da gero ya horar da ita. Ya fara da tiya ɗaya, bayan wata biyu ya ƙara ta biyu, daga bisani ta uku, har kafaɗunshi suka yi kanta. Yara kan bi shi suna ihu, karnukan gonaki sun san warinshi, a fada kuma an sa mashi suna Mahaukacin Asuba, in ya shigo a tambaye shi wa ya biyo shi yau.

Zafi ne kawai abin da bai saya da kuɗi ba. Turawa masu shiga tseren har ɗakin turiri suke shiga don jikinsu ya saba, domin jiki na bukatar kwana goma zuwa mako biyu yana aiki cikin zafi kafin ya koyi fitar da gumi da wuri, ya kuma rage zubar da gishiri. Shi kuwa bazarar Damagaram na bakin ƙofarshi, inda ma'aunin zafi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu. Don ya san yawan ruwan da yake asara, yakan tsaya wurin wani mai sayen wake a kasuwar Dole, ya hau sikeli kafin ya fita, ya sake hawa in ya dawo. Kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa. Ya tarar awa guda cikin rana tana cin fiye da lita. Da azumin 2018 ya kama, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ya ajiye fitar rana gaba ɗaya, ya koma fita bayan asham, awa ɗaya ba jaka, don ya san azumi da gudu cikin bazara ba su haɗuwa ga mai hawan jini.

A ƙarshen Disamba 2018 ya ga lokaci ya yi da zai gwada kanshi. Ya shirya kwana uku daga Damagaram zuwa Magarya, wajen kilomita 90, ta Dogo da Bande, wato ta kudu, inda fatake ke bi in sun nufi Kano. Rana ta farko ta yi kyau, ya kwana a zauren wani mai gari. Rana ta biyu ya sauka daga gudron ya bi turbar amalanke, rairayi ya cika takalmi, bai tsaya ya zazzage ba don kada ya ɓata lokaci. Kafin azahar tafin ƙafa biyu sun yi bororo, wasu sun fashe. Ya yi ta kwankwaɗar ruwa ba tare da ya ci komai mai gishiri ba, sai kai ya ɗauki ciwo, zuciya ta riƙa tashi, yatsu suka kumbura. Da ƙyar ya isa Bande. Da safe ya kasa sa takalmi. Ya hau motar kasuwa ya dawo gida, takalman a cinya, jakar gero a ƙarƙashin kujera.

Mako biyu bai buɗe kaye ba. An riga an biya kuɗin shiga, saura wata uku, ga shi kilomita 90 cikin ƙasar haihuwarshi sun gagare shi. Ba wanda ya yi mashi ba'a a fada, kuma wannan shirun ya fi ba'ar ciwo. Wata Jumma'a ya je gaida tsohuwa. Ta dubi ƙafafun, ta sa aka kawo man kaɗe, sa'an nan ta ce: "Baba," don haka take kiranshi saboda sunan mahaifinta, "kai kana tsammani mai sunanka bai taɓa juyowa daga hanya ba? Wata shekara jakunanshi uku suka mutu, ya dawo da igiya a hannu. Bayan girbi ya sake ɗaura mangala. Su ba su tashi don Kano. In sun tashi da asuba, rijiyar gaba suke nufa. In rana ta take su sauke kaya. Kuma ban taɓa ganin ya kwanta bai duba ƙafarshi da kofaton jakunanshi ba." Kontabul ya ce, "Hajiya, to in na je na kasa fa?" Ta ce, "Sai ka dawo, tuwo na nan."

A daren ya buɗe kaye ya yi ma kanshi lissafi kamar yadda yake yi ma biro in kuɗi suka ɓace, ya tarar asarar ƙofa uku gare ta. Ta farko takalmi: ƙafa na kumbura in an kwana biyu ana tafiya cikin zafi, nashi kuwa daidai ƙafa suke. Ya nemo masu lamba ɗaya sama, ya kai ma baduku da tela suka ɗinka masu riga mai rufe su tun daga ƙasa har saman idon sawu, don rairayi ya rasa ƙofa. Ta biyu gishiri: gumi na fita da gishiri, kuma wanda ya yi ta zuba ruwa zalla a ciki yana tsinka gishirin jininshi, abin da kan kai mutum ga suma, har ga mutuwa. Ya koma wurin likita da tambaya, tun da an hana shi gishiri. Likita ya ce hanin na tukunyar gida ne, amma ranar doguwar tafiya dole a mayar da abin da gumi ya kwashe, kaɗan-kaɗan, tare da abinci. Ta uku girman kai: ya ji zafin ƙafa tun da hantsi, ya ƙi tsayawa minti biyar, minti biyar ɗin suka ci mashi kwana ɗaya.

Abinci kuwa maiɗakin ta karɓe shi. Ta aro ƙaramin sikeli, suka zauna suna auna kowane ƙulli. Suka ga gyaɗa ta ninka dabino ƙarfi in nauyinsu ɗaya, don haka aka yawaita soyayyar gyaɗa da dakuwa, aka ƙara tukuɗi, da garin rogo, da madarar gari, da dabino don a riƙa jefawa a baki bisa hanya. Kowace rana da ƙullinta, da lambarta, da adadin kalorinta a rubuce. Duk abin da zai ci a Maroko sai da ya ci shi tukuna bisa hanyar Mirya, domin cikin da ya gaji ba ya karɓar baƙon abinci. Ya yi hutun mako ya je wajen Gure, inda tuddan rairayi suke, ya koyi hawansu da gajeren taki, yana sa ƙafa cikin sawun da ya riga ya danne. A watan Fabrairu 2019, hunturu na busawa, ya sake ɗaukar hanyar Magarya. Duk awa guda yakan zauna ya cire takalmi ya duba. Rana ta uku da la'asar ya shiga garin, ba wanda ya san shi, ya sayi fura ya sha a tsaye. Mako ukun ƙarshe ya rage horo sosai, don wanda bai fafe gorarshi ba zuwa lokacin, ya makara.

A farkon Afrilu 2019 ya tashi daga Yamai zuwa Kazabalanka, daga nan kudu. Ƙanen nan da ya fi kowa suka, shi ya biya kuɗin jirgi, ya ce rance ne. A sansani aka auna jakarshi, aka duba takardun likita, aka ba shi ƙwayoyin gishiri da katin ruwa wanda ake hudawa duk lokacin da ya karɓi rabonshi. Su takwas ne a tanti, baƙin tanti irin na makiyaya, buɗe ta gefe biyu, da dare sanyi, da asuba ma'aikata su yaye shi mutum na zaune a ƙasa. Ruwa da awo ne, saboda haka da taimama ya yi sallolinshi. Gwanayen gaba, irin su Rachid El Morabity na Maroko, wanda ya ci tseren wannan shekara, ba ya ganinsu sai wurin tashi. An gaya mashi cewa Lahcen Ahansal, ɗan makiyayan yankin Zagora, sau goma ya ci tseren tsakanin 1997 da 2007. Shi dai abokan tafiyarshi su ne na baya, tsofaffi da masu ɗingishi, da raƙuman nan da yakan waiwaya ya hango.

Tuddan rairayin Marzuga sun ci ƙarfinshi, amma dogon zango ne ya kusa karya shi. Wajen ƙarfe biyun dare, ya wuce kilomita 50, ya zauna a wani wurin bincike, ya ji ba abin da yake so a duniya kamar ya miƙa lambarshi a sa shi mota. Ya lissafa abin da ya rage, adadin ya yi mashi nauyi kamar dutse. Sai ya tambayi mai ba da ruwa nisan wurin bincike na gaba, aka ce kimanin kilomita goma. Ya ce a ranshi, bai kai Mirya ba. Ya cire takalmi, ya duba ƙafa, ya ci dakuwa biyu, ya yi barcin awa ɗaya, ya tashi ya bi ƴan fitilun da aka kafa bisa hanya. Rijiyar gaba kawai ya nufa, daga ita kuma ya nufi ta gabanta, har rana ta fito, har ya hango tantuna. Wanda ya zo na ɗaya ya gama tseren duka cikin ƙasa da awa ashirin. Kontabul ya haura awa hamsin. Patrick Bauer da kanshi ya rataya mashi lambar yabo a wuya, kamar yadda ya yi ma kowane mutum da ya kai ƙarshe.

Ya dawo Damagaram da farce uku sun fita, da bashin da ya ɗauke shi shekara guda kafin ya biya. Tansiyo ta sauka, amma likita bai ɗauke mashi magani ba, rage shi kawai ya yi, ya kuma ce mashi ranar da ya koma tabarma ita ma za ta koma inda take. Da ya je gaida tsohuwa ta ce, "Baba, falke ba ya dawowa hannu sake. Ina tsarabata?" Ya miƙa mata lambar. Ta jujjuya ta, ta ce ko zinari ba ce ba, sa'an nan ta sa jika ya kafa ƙusa ya rataye ta kusa da jeren kwanoninta.

Bayan mako uku ƙafa ta warke, ya fita da asuba kamar kullum, sai ya tarar da mutum biyu daga fada suna tsaye a ƙofar gida, ɗaya ma'aikacin duwan, ɗaya mai kantin kayan masarufi, kowa da takalmin gwanjo a ƙafa. Mai kantin ya ce, "Kontabul, mu ba Maroko za mu ba. Likita ne ya yi mana irin maganar da ya yi maka." Ya ce masu yau ba gudu, za su je kasuwar Dole su dawo, gobe ma haka, in sun cika wata uku sai a yi maganar Mirya. Ya koma ciki ya ɗauko kaye biyu sababbi, ya ba kowa ɗaya.

Mai karatu, ko kana bayan tebur a Yamai, ko kana zaune cikin kanti a Maraɗi ko Tawa daga safe har magariba, ba lalle ne ka tara miliyan biyu ba. Je ka a auna jininka, ka zaɓi wani gari ko wata rijiya da ƙafarka ba ta taɓa kai ka ba, ka sa mata rana, ka soma da zagayen unguwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.